Malam Almu da Daƙiƙa Shida

Duk wanda ya zauna da Almu Kankiya na minti goma a Landan ya ji labarin ranar da sufeto ya zo makarantarsu. Ba sai ka tambaya ba. Ko a gidan gaisuwar mutuwa kuka haɗu, zai san yadda ya karkata zance har ya iso wurin. Yana aji huɗu a firamare, in ji shi, sufeton ilimi ya zo daga Katsina, hedimasta ya tsayar da shi a gaban makaranta duka, ya rera jadawalin sau tun daga biyu sau ɗaya har sha biyu sau sha biyu, bai yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Aka tafa, sufeto ya shafa kansa, ya ba shi ɗan gwangwanin kayan lissafi mai rula da kamfas. Shekara arba'in da shida ke nan. Gwangwanin yana nan har yau a aljihun kwat ɗinsa, ya yi tsatsa, kamfas ɗin kuwa bai taɓa zana da'ira ko ɗaya ba, wai kada ya lalace.

Abin da ya biyo baya a rayuwarsa ba shi da tsawo. Ya yi sakandare ya fito da takarda duk ramuka, ya yi akawu a wata masaƙa a Kaduna har masaƙar ta mutu, sannan wani yayan matarsa ya yi masa hanya ya shigo Ingila da sunan kwas na shekara ɗaya. Kwas dai har yau ba a gama ba. Yanzu gadi yake yi a wani dogon ginin ofisoshi a Aldwych. Ya sa baƙar kwat, ya zauna a bayan tebur, ya ce wa masu shiga su nuna kati. Cikin ɗaruruwan da ke wucewa ta gabansa kullum da ƙyar biyu suka san sunansa, su ma Al suke ce masa. Da yamma ya bi jirgi ya koma Plumstead, flat ɗin council, wato gidan hayar ƙaramar hukuma, mai ɗaki biyu, inda matarsa Karimatu take da autarsu Ameera, 'yar shekara tara. Manyan yaran duk sun kama gabansu.

Amma ranar Asabar, to fa! Ranar nan wani mutum ne daban yake fitowa daga flat ɗin. Babbar riga, hula zanna, turare har bas ya ɗauka. Hausawan yankin suna da ƙungiya, suna aron wani ɗaki a bayan masallaci. Shekara uku da suka wuce aka ce a riƙa taimaka wa yara da lissafi, aka rasa mai lokaci. Likitoci suna asibiti, ɗalibai suna fama da nasu karatun. Almu ya ɗaga hannu. Kyauta yake yi, kuma kada ku ce alheri ne ya yi masa yawa. Abin da yake samu a ɗakin nan babu inda ake sayar da shi a Landan: yara sha bakwai su miƙe tsaye in ya shigo, su ce, "Ina kwana, Malam." Shi kansa Likita Abdul-Nasir, shugaban ƙungiyar, mai gida nasa na kansa da mota biyu, Malam yake ce masa. In aka raba Almu da ajin nan na Asabar, abin da zai rage mai gadi ne kawai, kuma shi ma ya san haka sarai.

Koyarwar tasa kuwa hanya ɗaya ce tak, wadda aka bi da shi a Kankiya. Ya sa an kawo masa katan guda na littattafan rubutu daga Kano, irin masu jadawalin sau a bangon baya. Kowane yaro ya kifa littafinsa, Malam ya ɗaga dogon rula ya buga tebur, aji ya ɗauka da murya ɗaya:

"Biyu sau ɗaya, biyu! Biyu sau biyu, huɗu! Biyu sau uku, shida!"

Haka za a yi ta tafiya, gida bayan gida, har sha biyu. In yaro ya kakare a tsakiya, ba a gaya masa amsa, sai dai a ce ya koma farkon gida ya sake taho. In wani ya kawo aikin gida na rabawa, ko na kusurwa da alwatika, ko abin da makaranta ke kira factors da multiples, Malam ya ture takardar da bakin rula ya ce, "Duk wannan ado ne. Wanda ya haddace jadawali ya gama lissafi." Gaskiyar magana ita ce shi ma iyakar saninsa ke nan, amma wa zai faɗa?

Iyaye kuwa suka mace a kan abin. Ga yaransu da ba sa iya haɗa jimla biyu da Hausa, ka yi musu magana su amsa da Turanci, yau ga su suna zuba "takwas sau tara, saba'in da biyu" kamar a ƙauye aka haife su. A taron Sallah aka jera su a gaba suka rera, mata suna share hawaye, maza suna ɗauka a waya ana turawa gida. Kakanni a Funtuwa da Gusau suka yi ta sa albarka. Babu wanda ya taɓa tsayar da yaro ɗaya ya tambaye shi daga tsakiya.

Sai mutum ɗaya, Rashidatu. 'Yar zangon Kumasi ce, tana zaune a Peckham, tana aiki a wata firamare a matsayin mai taimaka wa malamar aji. Jikarta ce take kawowa ajin Asabar, ta zauna a baya tana jira. Wata Asabar bayan an tashi ta tare Almu a bakin ƙofa, da Hausarta ta zango wadda ba ruwanta da mace ko namiji.

"Malam, ka yi haƙuri, zan faɗa maka wani abu. Yaran nan waƙa suka sani, ba lissafi ba. Ameera ma na tambaye shi bakwai sau takwas, sai ya koma bakwai sau ɗaya yana tahowa. A watan June 'yan Year 4 za su yi test na gwamnati a computer. Tambaya ashirin da biyar, a haɗe a gauraye, kowane ɗaya second shida. Ba lokacin waƙa."

Almu ya dube ta daga ɗankwali har takalmi.

"Hajiya, a makarantar taku me kike koyarwa?"

"Ina taimaka wa teacher."

"Wato kina ɗaure wa yara igiyar takalmi, kina goge musu majina. To, Allah ya ba da lada. Lissafi kuwa ki bar wa masu shi."

Da ya koma gida har yana kwaikwayon maganarta ga Karimatu, yana dariya shi kaɗai. Ya ce ai ya ji labarin irin koyarwarta: ta baje wake a kan tire, ta ce yaro ya jera sha biyu layi uku, ya sake jerawa layi huɗu, wai a haka zai gane abin da ke raba sha biyu. "Wake, Karimatu! Abin da za a dafa a ci!"

Karimatu ba ta yi dariya ba. Shekara talatin tana zaune da mutumin nan, ta san gardama da shi ɓata yawu ne. Abin da ta yi, daga Lahadin nan ta fara ɗaukar Ameera zuwa Peckham, wai kitso da cefane a Rye Lane. Kitson ana yi, cefanen ma ana yi, amma awa biyun tsakiya a falon Rashidatu suke ƙarewa, gaban tiren wake. A can yarinya ta gane cewa bakwai sau takwas da takwas sau bakwai abu ɗaya ne an juya tire, cewa gidan takwas ninkin gidan huɗu ne, cewa rabawa komawa baya ce kawai. Wata biyar ana haka. Rabin matan ƙungiyar sun sani. Malam kuwa kullum Lahadi sai ya yaba kitso.

Yuni ya zo, aka yi jarrabawa. Yara biyar daga ajin Malam ne suka zauna. A shekarun baya ma an yi, amma duk wanda ɗansa ya faɗi sai ya ninke takardar ya tura ƙarƙashin katifa, yana zaton nasa ne kaɗai daƙiƙi. Bana aka yi rashin sa'a, abin ya faɗa kan Nana Aisha, 'yar Likita. Takwas ta ci cikin ashirin da biyar. Uwarta Hajiya Suweiba ba mace ce mai haɗiye abu ba. Ta ɗauki hoton takardar ta watsa a group ɗin ƙungiya, ta rubuta a ƙasa, "Shekara uku muna kai ta ajin Asabar." Kafin la'asar sauran iyaye uku sun fito da nasu: tara, sha ɗaya, bakwai.

Sai ga na Ameera, ashirin da biyar cif.

Mai hankali da ya ga haka sai ya tsaya ya yi tunani. Almu kuwa ya ɗauki waya ya yi saƙon murya na minti tara. Ya ce ga hujja nan kowa ya gani. Hanya ɗaya aka koya wa yara biyar, wadda ta fito daga gidan tarbiyya ta cinye duka, waɗanda aka bari da talabijin da chips suka zube. Ya ce shi ba zai zauna ana ɗora masa laifin sangarta ba. Karimatu tana kicin tana jin sa, ta ce, "Baban Ameera, da ka bar saƙon nan." Ya ce mata ta ji da tukunyarta, ya danna ya tura.

Likita ya kira taro ranar Asabar bayan azahar. Magana ɗaya ce a gaba, kuma an rubuta ta ƙarara: wa zai ci gaba da riƙe ajin lissafi, Malam Almu ko Rashidatu.

Ranar Almu ya sa rigar da ya yi Sallah da ita. Ɗakin ya cika, maza a dama, mata a hagu, yara a ƙasa kan kafet. Bai jira an ba shi izini ba, ya buga rula, yara suka miƙe, suka ɗauko daga biyu sau ɗaya. Wallahi sun rera. Murya ɗaya, ba gargada, har sha biyu sau sha biyu, ɗari da arba'in da huɗu. Wasu tsofaffi suka fara tafi. Almu ya juyo ya buɗe hannuwa, yana kallon Hajiya Suweiba.

Sai Rashidatu ta miƙe. Ta zaro tablet daga jaka, ta jona shi da talabijin ɗin bango yadda kowa zai gani, ta buɗe irin gwajin da ake yi wa yara a makaranta. Ta kira Nana Aisha. Tambaya ta fito: shida sau tara. Kowa ya ga leɓen yarinya ya fara motsi, shida sau ɗaya, shida sau biyu, tana kaɗa kai a kan kiɗan waƙar. Tana shida sau biyar tambayar ta ɓace, wata ta fito. Ta sake komawa farkon wani gida. Ta uku ta fito, yarinya ta fashe da kuka.

"Tsoro ne," in ji Almu. "An firgita ta. Ameera, taso ki nuna musu."

Ameera ta taso, ba ta kalli uwarta ba. Tambayoyi suka riƙa fitowa, yatsanta yana sauka kafin mutum ya gama karantawa. Leɓenta ko motsi bai yi ba, kuma duk ɗakin an lura da haka ban da mutum ɗaya. Ashirin da biyar. Almu ya gyara wuyan riga.

"To, jama'a, kun gani. Jinina ce, karatuna ne. Abin da na zuba mata shi na zuba wa kowa."

Hajiya Suweiba ta miƙe, ta karɓi tablet ɗin daga hannun yarinya, ta tako har gabansa. Muryarta a sanyaye, har da ɗan rusunawa.

"Malam, tunda ɗaliba ta yi haka, ai sai mu ga malaminta. A nuna wa yaranmu sangartattu yadda ake yi."

Da ya ce ba girmansa ba ne, da wataƙila ya tsira da rabin mutuncinsa. Ina! Mutumin da ya tsaya gaban sufeto? Ya karɓa yana murmushi, ya ɗora tabarau a kan hanci.

Biyu sau huɗu, ya buga. Biyar sau biyar, ya buga, har da ɗaga gira. Goma sau uku. Sai ga sha biyu sau takwas. Yatsan Malam ya tsaya a sama. Jama'a suka ga gemunsa ya fara rawa, leɓe yana motsi, kai yana kaɗawa, daidai yadda na Nana Aisha ya yi. Yana sha biyu sau biyar allo ya canza. Tara sau bakwai. Ya koma tara sau ɗaya da gudu, yana haɗiye kalmomi, ya iso sittin da uku daidai lokacin da tambayar ta tafi. Zufa ta tsattsafo masa a ƙarƙashin hula. Shekara arba'in da shida yana ɗauke da jadawalin nan a kansa, ashe bai taɓa shiga cikinsa ta tsakiya ba, kullum ta ƙofar farko yake bi.

"Na'urar nan tana da sauri," ya ce.

Bakwai sau takwas ta fito. Ɗakin ya yi tsit, har ana jin motocin titi. Leɓensa ya kama, bakwai sau ɗaya, bakwai sau biyu. Sai wata 'yar murya daga gefensa, ƙasa-ƙasa, cikin tausayi:

"Fifty-six, Baba."

Ta yi ne don ta cece shi, amma a shirun nan har na bakin ƙofa ya ji. Wani saurayi a baya ya tuntsire, aka zungure shi. Almu bai buga amsar ba. Ya tsaya riƙe da tablet, tambayoyi suna zuwa suna wucewa a kan talabijin, har gwajin ya ƙare ya nuna sakamako da manyan lambobi: uku.

Likita ya yi gyaran murya. Mutumin kirki ne, bai so abin ya kai haka ba, amma tambaya ɗaya ta rage kuma dole a yi ta.

"Ameera, 'yata, wa ya koya miki?"

Yarinya ta kalli ubanta, ta kalli uwarta. Karimatu ce ta ɗauke mata nauyin, daga inda take zaune, ba ta ko ɗaga murya ba.

"Rashidatu ce. Ni na kai ta, duk Lahadi, tun watan Janairu."

Almu ya juya ya dubi matarsa. Ta dube shi ita ma, ba ta sunkuyar da kai ba.

Ƙuri'ar ba ta ɗauki minti biyu ba. Hannaye suka tashi, har na tsofaffin da suka yi tafi ɗazu. Likita ya yi jawabin godiya, ya ce ƙungiya ba za ta manta da hidimar shekara uku ba, ya ce a yi wa Malam addu'a, aka shafa. Rashidatu ta matso ta ce masa in yana so ya riƙa zuwa, waƙar ma tana da amfaninta, a riƙa buɗe aji da ita. Da zuciya ɗaya ta faɗa, kuma wannan ya fi komai yi masa ciwo. Ya ce mata ya gode, ya nemi takalminsa.

Karimatu ta tsaya taya mata kwashe kwanuka, da gangan, don ta san tafiyar nan ba ta mutum uku ba ce. Shi da Ameera suka fito titi. Bas ya zo, suka hau sama, suka zauna a kujera ɗaya, babbar rigarsa ta cinye rabin wurin yarinyar. Haushi yake ji, na matarsa, na Suweiba, na Rashidatu da wakenta, na ƙasar da take auna ilimin mutum da agogo. A ƙarƙashin haushin kuma akwai kunya, irin wadda bai taɓa ji ba, don ya san duk cikinsu babu wanda ya yi masa ƙarya. Ya kafa ido a taga, shaguna suna wucewa.

Suka wuce tasha biyu. Ameera tana wasa da zip ɗin jakarta. Can ta ɗan jingina da kafaɗarsa.

"Baba, are you angry with me?"

Bai juyo ba. "A'a."

Sai ta ce, da 'yar Hausarta mai karkacewa, don ta san ita ya fi so, "Zan iya koya maka. Ba wuya. Akwai wake a gida."

Ya waiga baya a hankali, ya duba kujerun bas ɗin ɗaya bayan ɗaya, ko akwai wanda ya san shi. Wata tsohuwar Baturiya ce kawai da karenta, sai wasu 'yan mata biyu da abin ji a kunne. Ya dawo da fuskarsa ga taga, ya yi magana ƙasa-ƙasa, kamar da gilashin yake.

"Sai mamanki ta fita. Kuma ki rufe ƙofa."